Zomo Biyu a Gidan Makoki

Kobe, 4 ga Janairu

Zuwa ga Malama Michiyo,

Na ji an ce sanyin Sakata ya yi tsanani bana. Ina fata ƙafafunki suna ɗaukar ki. Ni ma ina nan, gwargwadon yadda matar da mijinta ya rasu wata bakwai da suka wuce za ta kasance.

Ba zan ja zance ba. Ranar ɗaya ga wata mai rabon wasiƙu ya jefa kati a akwatin ƙofata. Katin murnar sabuwar shekara ne, da rubutun hannunki, wanda ko daga nesa zan gane. Kin rubuta sunan Ryozo a sama, nawa a gefe. Kin ce kina taya mu murna, kina fatan "maigida zai ƙara samun ƙarfin jiki bana."

Ryozo ya rasu ranar sha ɗaya ga Yuni. Kin zo jana'iza. Kin zauna a sahu na biyu, kin ci abinci, har kika ce miyar ta yi gishiri.

Tun Nuwamba na aika wa kowa katin makoki kamar yadda ake yi, don a san gidan nan ba ya karɓar gaisuwar sabuwar shekara. Mai sayar mana da kifi ya kiyaye. Mai gyaran famfo ya kiyaye. Sai ke, wadda ta haura shekara arba'in tana koya wa 'ya'yan mutane rubutu da ladabi.

Ɗakin da kike koyarwa a tsohon gidan dangi, Ryozo ne ya bar miki shi, don kakanki da kakansa wa da ƙani ne. Yanzu gidan yana hannuna. Ki kwashe tebura da alƙalumanki kafin ƙarshen Maris, ki aiko min da makulli.

Fusae, matar marigayi Ryozo


Sakata, 9 ga Janairu

Yaya Fusae,

Wasiƙarki ta same ni ina share dusar ƙanƙara a bakin ƙofa, na karanta ta a tsaye har yatsuna suka sandare. Lafiyata ƙalau, sai gwiwar hagu da ta daina son durƙuso. Yaya ciwon bayanki? Kina dai samun abinci mai zafi?

Yaya, ni ban aika miki kati bana ba. Ta yaya zan manta rasuwar Yaya Ryozo, mutumin da ya goya ni ya tsallake rafi da ni ranar da na fara zuwa makaranta? Kin san yadda nake aikina. Duk gidan da katin makokinsa ya zo, nan take nake buɗe littafin adireshi in ja layi a kan sunan, sai shekara ta zagayo. Ban taɓa kuskurewa ba. Zatona katin bara ne ya maƙale a wani lungu na gidan waya, sai yanzu ya fito. Kuma in gaya miki, naki katin makokin bai iso gare ni ba. Maganar miya ban tuna na yi ta ba, amma in na yi, ki yafe min.

Ɗaki kuwa, ina roƙonki ki sake dubawa. Yara sha huɗu nake da su. Ranar Asabar muka yi rubutun farko na shekara, kowa ya durƙusa a tabarma, ɗakin duk ƙamshin tawada. Akwai wata Kozue, shekararta takwas, tun bara hannunta ke rawa in ta riƙe alƙalamin gashi. Na ce mata, "Kada ki kalli bakin alƙalami, kalli inda za shi." Ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe, ta ɗago ta ce, "Malama, ni ce na yi wannan?" Da kin ga fuskarta, Yaya! Ba rubutu kaɗai suke koya ba. Suna koyon zama, da haƙuri, da wanke abin da suka ɓata. In aka rufe ɗakin nan babu wani irinsa a duk unguwar, ni kuma gidana ko yara huɗu ba zai ci ba.

Na aiko miki da sabuwar shinkafar garinmu, wadda kike so.

Ƙanwarki, Michiyo


Kobe, 16 ga Janairu

Malama,

Shinkafa ta iso, na ba maƙwabta. Bayana yana nan yadda yake. Ki daina ce min Yaya, kin girme ni da shekara uku, kuma wanda ya sa kike kira na haka ba ya nan.

Katin bara kika ce? Bara shekarar damisa ce a kalandarmu, bana ta zomo. Wannan zomo ne a jikinsa, ya ɗaga kunne ɗaya, da hannunki kika zana shi. Ko gidan waya ne ya koyi zane?

Kuma katin makokina bai iso ba? To wa ya aiko min da kwalin turare ranar ashirin ga Nuwamba, da 'yar takarda mai cewa, "Katinki ya iso, na zauna na yi kuka"? Tana gabana yanzu da nake rubutun nan.

Ni dai na san ki tun da aka kawo ni danginku. Ina 'yar shekara ashirin da uku, 'yar mai wankin kaya daga Kobe, na zauna kwana biyu na rubuta takardar godiya ga dangin Sakata. Kika mayar min da ita kin gyara da jan tawada, wuri bakwai, kamar ta ɗalibarki. Surukata ta zagaya da ita gida gida ana dariya. Kika ce taimako ne. Shekara arba'in da shida ke nan, har yau hannuna yana nauyi in zan rubuta miki.

Ke ba kya kuskure, na sani. Sai gidan waya.

Ƙarshen Maris.

Fusae


Kobe, 13 ga Fabrairu

Malama,

Wata guda ba amsa. In ciwo ne ki sa a sanar da ni. In kuwa fushi ne, ba ke ya kamata ki yi ba.

Akwai abin da ban faɗa ba don kunya, amma tun da kin zaɓi shiru, ga shi. Ba kati ɗaya ba ne, biyu ne. Na biyun ya zo ranar uku ga wata, zomo iri ɗaya, magana iri ɗaya, sunan Ryozo a sama. Ɗaya a ce kuskure. Biyu kuma a ce me? Me na yi miki da sai kin tabbatar ya shiga?

Fusae


Sakata, 21 ga Fabrairu

Yaya Fusae,

Ki yi haƙuri, bakina ya saba, Yaya zan ci gaba da cewa. Ina fata iskar teku ba ta tayar miki da tari ba. Ba fushi na yi ba, tsoro ne ya hana ni rubutu.

Ranar da wasiƙarki ta zomo ta zo, na buɗe littafin adireshi don in tabbatar wa kaina kin yi kuskure. Na tarar da sunan Yaya Ryozo tas, babu layi. Na kwana uku ina bincike. Katin makokinki na same shi a cikin takardun yara, an ɗiga masa tawada. Na riƙe shi na zauna, na nemi ranar da ya zo a kaina, ban samu ba. Turaren ma haka. Ba wai na tuna sama sama ba ne, babu komai a wurin.

Sai na fara tambayar mutane cikin dabara. Orie, tsohuwar ɗalibata da yanzu take da kantin magani, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ni ma biyu na samu. Na ɗauka ƙauna ce ta yi yawa." Wata kuma ta ce ba ta samu ko ɗaya ba, har ta zaci na mutu. Orie ce ta kai ni asibiti.

Likitar kuwa yarinya ce, da ƙyar in ta kai arba'in. Ta faɗa min kalmomi biyar ta ce in riƙe. Ta sa na zana agogo, na zana mata wanda ya fi na bangonta kyau. Ta sa na yi lissafi da baya, na yi. Sannan ta ce, "To, Malama, kalmomin nan biyar fa?" Na kawo biyu. Ni da ke haddace sunayen yara talatin a ranar farko! Na ce mata, "Ki sake faɗa, ba ki fito da muryarki ba." Ta yi murmushi irin wanda nake yi wa yaron da ya ce alƙalami ne ba shi da kyau.

Bayan mako biyu ta nuna min hoton ƙwaƙwalwata. Can ciki akwai wani ɗan wuri a kowane gefe, bai fi ƙaramin yatsa ba, a lanƙwashe. Ta ce shi ne ke karɓar sabon abu ya tsare shi har ya zauna. Nawa ya fara ramewa, fiye da na tsarata. Abin da ya daɗe ya riga ya zauna a wasu wurare, shi ya sa rafin da Yaya Ryozo ya tsallake da ni yana nan da sanyinsa, amma abin da na yi ranar Talata sai ya zube. Ta ce wannan ba ciwon gigin tsufa ba ne, tsakani ne. Ina dafa abincina, ina hawa mota ni kaɗai, ina koyarwa. Wasu sukan daɗe a haka, wasu abin ya ci gaba, ba ta yi min alkawarin komai ba. Ta ce in riƙa tafiya da ƙafa, in kula da hawan jini, in rubuta komai, kuma kada in ƙulle kaina a gida.

Yanzu na gane yadda aka yi. Kati ɗari da ashirin nake rubutawa duk Disamba, ina bin littafi shafi shafi. In babu layi a kan suna, hannu wucewa yake. Shekara arba'in da shida yana rubuta sunayenku tare. Ni na san Yaya Ryozo ya rasu, hannuna ne bai sani ba.

Na yi miki laifi biyu, katin, da musun da na yi. Na biyun ya fi ba ni kunya. Jan tawada kuma ina tuna shi sarai, har wuraren bakwai. Ina ɗoki ne a lokacin, sabuwar malama, duk abin da na gani a karkace sai na miƙe shi. Ban san an yi miki dariya ba.

Ba don ki ji tausayina na faɗa ba. Amma ɗakin nan shi ne ke fitar da ni daga gida sau uku a mako. Da Yaya Ryozo yana nan, na san ba zai rufe ƙofa a kan yaran ba.

Michiyo


Kobe, 27 ga Fabrairu

Malama,

Na karanta. Ban ji daɗin labarin lafiyarki ba, kuma ba ƙarya nake ba.

Amma kada ki ƙara gaya min abin da mijina zai yi. Ke ya goya ki sau ɗaya kina 'yar shekara shida. Ni na ɗaga shi na kwantar, na wanke shi, na ba shi abinci a baki wata goma sha huɗu. Kina can Sakata kina zana dabbobi. Yanzu ke ce kika san zuciyarsa?

"Hannuna bai sani ba." Magana mai daɗi, ta malamai. To hannun nan shi ne ke kunna rishon ɗumama ɗaki. Gidan katako ne, ƙofofinsa takarda, ya haura shekara ɗari, ga yara sha huɗu da takardu a ko'ina. Ran da hannu ya manta ya kashe fa? Ran da kika ƙulle ƙofa da wata Kozue a banɗaki fa? Kin gaya wa iyayensu? Ban ga kin ce kin gaya musu ba. Kin gaya min ni ne don ina da makullin alfarma, su kuwa 'ya'yansu kawai suke da su a wurin.

Da farko don fushi na ce ki tashi. Yanzu kin ba ni dalili da kanki. Wanda ake nuna wa hoton ƙwaƙwalwarsa ba ya tsaron 'ya'yan mutane.

Fusae


Sakata, 29 ga Maris

Fusae,

Kin ce in daina Yaya, na daina. Dusar ƙanƙara ta narke, gwiwata ta yi sauƙi. Ina fata ke ma haka.

Wasiƙarki ta ƙarshe na yayyaga ta, sannan na tsince na liƙe, don akwai gaskiya ɗaya a cikinta, kuma ba na yarda da kaina in riƙe ta ba a rubuce ba. Sauran kuwa mugunta ce. Na buɗe miki cikina, kika ɗauki abin da na ba ki kika doke ni da shi. Shekara arba'in da shida kina riƙe da gyara bakwai. Da za a raba, da na karɓi rabin ƙwaƙwalwarki, ke ki huta ni in amfana.

Gaskiyar ita ce ta iyaye. Na tara su ranar Lahadi ta farko a watan nan, na durƙusa a gabansu na faɗi komai, har kalmomi biyun da na kawo cikin biyar. Can wani uba ya ce, "Malama, ai tun kaka ɗiyata take cewa kina ba su aiki ɗaya sau biyu. Mun ɗauka dabara ce." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma washegari gida huɗu suka janye 'ya'yansu, da gaisuwa mai kyau da kwalin alewa. Ban ga laifinsu ba.

Risho na ba Orie ta tafi da shi, muka ƙarasa watan da riguna masu kauri. Na rubuta takarda da manyan baƙaƙe na liƙa a ƙofa: ƙirga yara, duba banɗaki, duba tagogi. Yaran suka mai da ita waƙa. Kozue ta naɗa kanta mai ƙirga, takan ce, "Malama, goma cif, har da ke sha ɗaya, ba a bar ki a banɗaki ba."

Jiya muka yi darasin ƙarshe. Na ce kowa ya wanke alƙalaminsa ya tafi da shi gida. Na gaya musu hannu yana riƙe abin da aka koya masa fiye da yadda suke zato, saboda haka su koya masa abu mai kyau. Ban yi kuka a gabansu ba. Tebura suna nan a jingine, mai mota zai zo ya kwashe su ranar biyar ga Afrilu.

Ga makulli na saka a cikin ambulan nan. Gidanki ne.

Abu ɗaya nake nema. Ki mayar min da katunan nan biyu in ƙona su. Ba na son abin da ya ɓata miki rai ya ci gaba da zama a gidanki, kuma ba na son ranar da zan manta na yi, ya kasance yana wani wuri yana jira na.

Michiyo


Kobe, 2 ga Afrilu

Malama,

Itatuwan bakin hanyarmu sun yi fure, mutane sun cika ko'ina suna ɗaukar hoto, ban fita ba. Bayana da sauƙi.

Babu makulli a ambulan. Na zazzage shi, na ɗaga shi a rana, na tsuguna na duba ƙarƙashin tebur da wannan bayan nawa. Ki laluba aljihun rigar sanyinki, yana nan. Ban sani ba ko mantuwa ce ko wayo, da ke ba a rasa ɗaya.

Katuna kuwa ba zan mayar ba. Tun da kin tambaya, ki ji dalili, kuma kada ki maimaita wa kowa.

Shekara arba'in da shida, duk safiyar ɗaya ga Janairu Ryozo yakan sauka da silifa ya ɗauko damin katuna. Mu zauna yana rabawa, naka, nawa, namu. Bana na sauka ni kaɗai, ban san me ya kai ni ba, ni ce na ce kada a aiko. Kowa ya yi biyayya. Akwatunan maƙwabta sun cika har ba sa rufuwa, nawa kati ɗaya ne a kwance. Da sunansa a sama.

Tun Yuni duk takardar da ta shigo gidan nan sunana kaɗai ke jiki. Banki ya goge shi, asibiti ya goge shi. Na tsaya a bakin akwatin ina zagin ki, na hau sama ina zagin ki, sannan na jingina katin a gaban hotonsa, inda nake kunna masa turarenki. Da na biyun ya zo na ajiye shi a ɗaya gefen. Suna nan har yau. Kullum da safe in na kai masa shinkafa gaban hoton, kamar yadda ake yi wa mamaci, sai in ga zomayen nan sun ɗaga min kunne, raina ya ɓaci, in bar su.

Shinkafar da nake kai masa taki ce. Ban ba maƙwabta ba.

Yanzu maganar ɗaki. Ki sallami mai motar. Shekara ɗaya na ba ki, ba don Ryozo zai so ba, ni ce na ga dama. Sharuɗɗana ga su, ki liƙa a ƙofa kusa da waƙarku. Risho ba zai ƙara shiga gidan ba, zan aiko da na lantarki mai kashe kansa. Ba za ki zauna da yara ba sai da wani babba a ɗakin, Orie ko ɗaya daga cikin iyayen, su raba kwanaki tun da sun iya dariya. Duk abin da likita ta ce, ki rubuto min yadda ta faɗa, ba yadda kika ƙawata ba. Ran da ta ce ya isa, ya isa, kuma ni zan zo da kaina in karɓi makullin, tun da ambulan ba ya riƙe shi.

Na ƙarshe. In Nuwamba ta yi, ki aiko min da littafin adireshinki da duk katin makokin da ya zo miki, kafin ki taɓa alƙalami. Ni zan ja layukan. Na sayi jan tawada jiya, kwalba babba.

Shafinmu kada ki taɓa shi. In hannun naki ya sake rubuta sunan, ki ƙyale shi. Amma ɗaya ya isa.

Yayarki, tun da kin nace,
Fusae